Anniviers

Anniviers ƙaramar hukuma ce ta karkara da ke gundumar Sierre, a jihar Valais, kudu maso yammacin ƙasar Suwizalan. An kafa ta ranar 1 ga Janairu, 2009, bayan da ƙananan hukumomi shida da ke cikin kwari ɗaya suka haɗe suka zama guda: Ayer, Chandolin, Grimentz, Saint-Jean, Saint-Luc da Vissoie. Hedkwatarta tana garin Vissoie. Faɗin ƙasarta ya kai kimanin murabba'in kilomita 243, abin da ya sa take cikin ƙananan hukumomi mafiya faɗi a ƙasar, amma mazaunanta na dindindin ba su wuce kimanin mutum 2,700 ba. Harshen Faransanci ake yi a yankin, kuma mafi yawan jama'arsa Kiristoci ne mabiya ɗarikar Katolika.

Ana yawan kawo Anniviers a matsayin misali idan ana maganar haɗe ƙananan hukumomi a yankunan tsaunuka, saboda ƙauyukanta sun daɗe suna gudanar da makaranta da harkar ruwa da yawon buɗe ido tare tun kafin doka ta mayar da su hukuma ɗaya.

Suna

Ƙaramar hukumar ta samo sunanta daga kwarin da take ciki, wato Val d'Anniviers. Masu jin Jamusanci a jihar Valais suna kiran kwarin Eifischtal. Mutanen wurin kuwa ana ce musu Anniviards. Akwai bayani da ya shahara a bakin jama'a wanda ke danganta sunan da kalmomin Latin masu ma'anar "hanyoyin shekara", saboda mutanen kwarin a da suna kan hanya kusan duk shekara tsakanin tsauni da fadama. Masana harshe suna ɗaukar wannan a matsayin fassarar gargajiya kawai. Haka kuma akwai tatsuniyar da ke cewa mutanen kwarin jikokin mayaƙan Hun ne da suka ɓuya a cikin duwatsu, da wata tatsuniyar ta wani wada mai suna Zachéo wanda aka ce shi ya shigo musu da addinin Kirista. Tarihi bai tabbatar da ko ɗaya daga cikinsu ba, sai dai har yanzu ana ba da su a matsayin labaran gargajiya na yankin.

Labarin ƙasa

Kwarin Anniviers yana kudu da kogin Rhône. Bakinsa yana kusa da garin Chippis, daura da birnin Sierre, daga nan ya miƙa kudu zuwa cikin manyan tsaunukan Alps. Kogin Navizence ne ke ratsa shi, ya taso daga daskararriyar ƙanƙarar da ke bayan ƙauyen Zinal, ya gangara ya faɗa cikin Rhône a Chippis. Daga sama da Vissoie kwarin ya rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi Zinal, ɗayan kuma ya bi ta Grimentz zuwa kwarin Moiry, inda rafin Gougra yake.

Mashigar kwarin ƙunci gare ta. Hanyar mota tana hawa da lanƙwasa mai yawa daga fadamar Rhône zuwa ƙauyen Niouc, sannan ta ratsa kwazazzaban Pontis, inda aka sassaƙe dutse aka kuma gina gadoji kafin hanya ta samu. Wannan wahalar shiga ita ta ware mutanen kwarin daga maƙwabtansu na tsawon ƙarnoni, ta kuma sa suka dogara da juna.

Ƙauyukan suna kan tudu daban-daban. Vissoie yana tsakiyar kwarin, a tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. Grimentz yana kusan mita 1,570, Saint-Luc kimanin mita 1,650, Zinal kuma kimanin mita 1,670. Chandolin, wanda ya haura mita 1,900, yana cikin ƙauyuka mafiya tsayi a Turai da mutane ke zaune a cikinsu duk shekara. Bayan manyan ƙauyukan shida, akwai ƙananan unguwanni kamar Mission da Mottec da Zinal waɗanda a da suke ƙarƙashin Ayer, da Mayoux da Pinsec na Saint-Jean, da Fang da Soussillon na Chandolin, da Niouc na Saint-Luc. Ƙauyen Vercorin, duk da yana bakin kwarin, yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Chalais ne.

A ƙarshen kwarin daga kudu akwai tsaunuka biyar da kowannensu ya haura mita 4,000, waɗanda ake yi wa laƙabi da "rawanin sarauta": Bishorn, Weisshorn, Zinalrothorn, Ober Gabelhorn da Dent Blanche. Weisshorn ne mafi tsayi a cikinsu, yana da kimanin mita 4,505. Daga gabas akwai tsaunin Bella Tola mai mita 3,025 a saman Saint-Luc, da Illhorn a saman Chandolin. A bayan Illhorn ne ake da Illgraben, wani wagegen rami da zaizaya ta haƙa, wanda masu bincike ke sa wa ido saboda yawan kwararar laka da duwatsu daga cikinsa. Jihar Valais tana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a Suwizalan, shi ya sa tun da can manoma suke haƙa ƙananan magudanan ruwa da ake kira bisses, suna jawo narkakkiyar ƙanƙara zuwa makiyaya da gonaki.

Tarihi

A tsakiyar zamanai kwarin yana ƙarƙashin ikon bishop na birnin Sion, wanda shi ne mai mulkin Valais a lokacin. Bishop ya damƙa kwarin ga wani gidan sarauta da ake kira iyayen gidan Anniviers, mazauninsu a Vissoie. Daga baya sarautar ta koma hannun gidan Rarogne ta hanyar auratayya, sannan a ƙarni na 15 bishop ya karɓe ta ya mayar ƙarƙashin ikonsa kai tsaye. Hasumiyar dutse da ke tsakiyar Vissoie, wadda ake kira Tour d'Anniviers, ta samo asali ne daga wancan zamani, kuma yanzu ana amfani da ita wajen baje kolin al'adu da wasanni.

Na dogon lokaci majami'ar Vissoie ce kaɗai babbar majami'ar kwarin baki ɗaya. Nan ake kawo jarirai baftisma, nan ake ɗaura aure, nan ake binne mamata daga duk ƙauyukan. Sai daga baya Saint-Luc da Chandolin da Ayer da Grimentz suka sami nasu ikilisiyoyin. Bayan faɗuwar tsohon tsarin mulki a ƙarshen ƙarni na 18, da shigar Valais cikin tarayyar Suwizalan a 1815, aka riƙa tsara ƙauyukan a matsayin ƙananan hukumomi na zamani. Vissoie ita ce ta ƙarshe da ta sami cin gashin kanta, a farkon ƙarni na 20. Gobara ta sha yi wa ƙauyukan ɓarna saboda gidajen katako ne a cunkushe: Saint-Luc ya ƙone a 1845 da kuma 1858, Vissoie kuma a 1880. Wannan ne dalilin da ya sa tsakiyar Saint-Luc ta fi yawan gine-ginen dutse idan aka kwatanta da Grimentz.

Ƙaurar shekara-shekara

Abin da ya fi bambanta mutanen Anniviers da sauran mazauna tsaunuka shi ne ƙaurar da suke yi a kowace shekara, wadda suke kira remuage. Iyali ɗaya yakan mallaki gida a ƙauye, da bukka a makiyayar tsakiyar tsauni, da haƙƙin kiwo a makiyayar can sama, da kuma gida da gonar inabi a fadamar Rhône kusa da Sierre, a unguwanni irin su Muraz da Villa da Noës da Borzuat. Idan lokacin gyaran inabi ya yi wajen watan Maris, ƙauye kan sauko kusan gaba ɗayansa, da yara da dabbobi da kayan girki, har da fada da malamin makaranta. Daga nan su koma sama don shuka da yankan ciyawa, a kai shanu makiyayar sama a watannin zafi, sannan a sake saukowa a kaka don tsinkar inabi. Ana yin aikin gonakin inabi na gayya da kiɗan sarewa da ganga, kuma ƙungiyoyin masu wannan kiɗa suna nan har yau.

Wannan salon rayuwa ya fara ja baya a ƙarni na 20. Kamfanin sarrafa alminiyam da aka buɗe a Chippis a 1908, wanda ke amfani da ƙarfin ruwan Navizence, ya samar wa maza da yawa aikin albashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasa suka riƙa barin noma suna komawa birane, yawan jama'ar ƙauyuka ya ragu ƙwarai, har ana fargabar wasu za su zama kufai.

Madatsar ruwa ta Moiry

Tsakanin 1954 da 1958 aka gina madatsar ruwa ta Moiry a saman Grimentz. Tsayin bangonta mita 148 ne, kuma tafkin da ke bayanta yana ɗaukar kimanin mita miliyan 77 na ruwa a ma'aunin kubik. Kamfanin Forces Motrices de la Gougra ne ke gudanar da ita. Ruwan yana gangarowa ta cikin bututu ya juya injinan lantarki a Mottec, da Vissoie, da Chippis, mataki bayan mataki. Aikin ya kawo sababbin hanyoyi da ayyukan yi, ya kuma samar wa ƙananan hukumomin kuɗin shiga na dindindin, domin a Valais ƙananan hukumomi ne ke da haƙƙin ruwan rafukan da ke ƙasarsu, kamfani kuwa yana biyan su kuɗin amfani da shi a kowace shekara. Sai dai rabon bai zo daidai ba, saboda ya danganta da yawan ruwa da gangaren da ke cikin iyakar kowace hukuma. Wasu ƙauyuka sun sami kaso mai tsoka, wasu kuma kaɗan.

Haɗin gwiwa kafin haɗewa

A farkon shekarun 1970 ƙananan hukumomin shida suka rufe ƙananan makarantunsu na ƙauye suka gina makaranta ɗaya a Vissoie, inda motoci ke kawo yara daga ko'ina cikin kwarin. Daga baya makarantar ta koma tsarin karatu a jere, yara su ci abincin rana a makaranta su tashi da wuri, don kada su yi doguwar tafiya sau huɗu a rana a kan hanyoyin tsauni. Wannan makaranta ta yi tasiri babba: yaran da suka tashi a aji ɗaya sun san juna tun suna ƙanana, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar haɗewa a 2006 tsofaffin ɗalibanta ne.

Bayan makaranta, hukumomin sun haɗa hannu a kan tace ruwan ƙazanta, da kiwon lafiya, da tallata kwarin ga masu yawon buɗe ido. Kowane aiki yana da kwamitinsa da yarjejeniyarsa da tsarin rabon kuɗinsa, kuma kowace shawara sai ta bi ta majalisu shida kafin ta tabbata. Ga ƙananan wurare kamar Chandolin, mai mazauna kimanin 100, samun mutanen da za su tsaya takarar majalisa su kuma riƙe ofis ya zama da wuya, alhali dokokin jiha da na tarayya kan gine-gine da muhalli da lissafin kuɗi suna ƙara yawa da sarƙaƙiya.

Haɗewa

An kaɗa ƙuri'ar raba gardama ranar 26 ga Nuwamba, 2006, a dukkan ƙananan hukumomin shida a rana ɗaya. Kimanin kashi 70 cikin 100 na masu zaɓe suka amince, kuma kowace daga cikin shidan ta ba da rinjaye ga haɗewa. Bayan majalisar dokokin jihar Valais ta tabbatar da sakamakon, aka yi zaɓen sababbin shugabanni a ƙarshen 2008, sabuwar hukuma ta fara aiki a ranar farko ta 2009.

Masu goyon baya sun kafa hujja da cewa kwarin ya riga ya zama al'umma ɗaya a aikace, kuma hukuma ɗaya za ta iya ɗaukar ƙwararrun ma'aikata, ta tsara filaye da hanyoyi bai ɗaya, ta kuma yi magana da murya ɗaya a gaban gwamnatin jiha da kamfanin lantarki da kamfanonin yawon buɗe ido. Masu adawa kuwa sun nuna damuwa cewa ƙananan ƙauyuka za su rasa bakin magana, ofis zai yi wa tsofaffi nisa, kuma ƙauyen da ke da wadata zai ɗauki nauyin bashin maƙwabcinsa. Irin waɗannan muhawarori su ne ake yi a kusan duk inda aka kawo batun haɗewa a Suwizalan, domin a can ƙaramar hukuma tana da ikon sa nata harajin, kuma ɗan ƙasa yana ɗaukar ta a matsayin tushensa.

Haɗewar Anniviers ta zo ne a lokacin da ake ta irin wannan a faɗin ƙasar. A 1850 Suwizalan tana da ƙananan hukumomi sama da 3,200. A shekara ta 2000 sun ragu zuwa kusan 2,900, kuma zuwa 2021 sun koma ƙasa da 2,200. A ranar da aka kafa Anniviers, an kuma kafa Obergoms da Gampel-Bratsch a ɓangaren Valais mai jin Jamusanci, da Val-de-Travers a jihar Neuchâtel, inda hukumomi tara suka haɗe. A jihar Glarus kuwa, taron jama'a na 2006 ya yanke shawarar mayar da hukumomi 25 zuwa 3, aka aiwatar a 2011. Daga baya a Valais an sami Mont-Noble a 2011, Crans-Montana a 2017, da Val de Bagnes a 2021.

Tsarin mulki

Anniviers tana bin tsarin ƙananan hukumomin Valais. Akwai majalisar zartarwa da jama'a ke zaɓa duk bayan shekara huɗu, ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙaramar hukuma. Akwai kuma babban taron jama'a, wanda ake kira assemblée primaire, inda duk ɗan ƙasa mai haƙƙin zaɓe zai iya halarta ya yi magana ya kaɗa ƙuri'a. Wannan taro ne ke amincewa da kasafin kuɗi da lissafin ƙarshen shekara da dokokin cikin gida da manyan basussuka. Shugaban farko na sabuwar hukumar shi ne Simon Epiney, lauya ɗan Vissoie wanda ya wakilci Valais a majalisun tarayya a birnin Bern daga 1991 zuwa 2007. Ya riƙe muƙamin daga 2009 zuwa 2016, sannan David Melly ya gaje shi.

Haɗewar ba ta shafi tsofaffin ƙungiyoyin 'yan asalin gari ba, waɗanda ake kira bourgeoisies. A Valais kowane ƙauye yana da irin wannan ƙungiya ta iyalan da suka gaji haƙƙin zama 'yan gari, kuma ita ke riƙe da dazuzzuka da wasu filaye da gonakin inabi da tsohon zauren taro da ɗakin ajiyar giya na gari. Ƙungiyoyin shida sun ci gaba da zama daban-daban, kowace da shugabanninta da dukiyarta da ranar taronta. Wannan ya taimaka wajen kwantar da hankalin waɗanda ke tsoron ɓacewar sunan ƙauyensu: harkar haraji da hanya da makaranta ta koma hannun hukuma ɗaya, gado da al'ada kuma suka tsaya a ƙauye.

Tattalin arziki

Yawon buɗe ido shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin Anniviers a yau. Ya faro ne a ƙarni na 19 da zuwan masu hawan tsauni, galibi daga Ingila. John Tyndall ne ya fara kaiwa ƙololuwar Weisshorn a 1861, sannan a 1864 Leslie Stephen da Florence Crauford Grove, tare da 'yan jagora Jakob da Melchior Anderegg, suka fara hawa Zinalrothorn daga ɓangaren Zinal. A wannan zamani aka gina otal-otal na farko, kamar Bella Tola a Saint-Luc, da otal ɗin Weisshorn wanda ke tsaye shi kaɗai a kan tudu mai tsayin mita 2,337.

Daga shekarun 1960 aka fara kafa na'urorin ɗaukar mutane zuwa saman tsauni don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Akwai manyan filayen wasa biyu: na Saint-Luc da Chandolin a gabas, da na Grimentz da Zinal a yamma da kudu. A farkon 2014 aka buɗe babbar motar igiya da ta haɗa Grimentz da tudun Sorebois a saman Zinal, filayen biyu suka zama ɗaya. A lokacin hunturu da tsakiyar watannin zafi yawan mutanen da ke kwana a kwarin yakan ninka na mazauna sau da yawa, don haka dole hukuma ta tanadi ruwan sha da hanyoyi da kwashe shara daidai da na babban gari, alhali masu zama duk shekara 'yan kaɗan ne.

Noma ya ragu amma bai ɓace ba. Ana kiwon shanun Hérens, baƙaƙe gajeru masu ƙarfi, waɗanda matansu ke karo da juna da ƙaho don fitar da shugabar garke, wadda ake kira sarauniya. Ana sarrafa madararsu a yi cuku, musamman irin wanda ake narkarwa a ci da dankali, wato raclette. A wasu ƙauyuka makiyaya sun gina turke na haɗin gwiwa don mai aikin albashi ya iya riƙe saniya ɗaya ko biyu ba tare da ya bar aikinsa ba. A ƙarni na 19 da farkon na 20 an haƙi tagulla da kobalt da nikel a wasu wurare na kwarin, kuma tsohuwar mahaƙar tagulla ta La Lée kusa da Zinal tana karɓar baƙi a watannin zafi.

Ƙalubale

Babbar matsalar da ta taso jim kaɗan bayan haɗewa ita ce ta gidajen hutu, wato gidajen da mutanen birni ko 'yan ƙasashen waje suka saya suna zuwa na 'yan makonni a shekara. Ranar 11 ga Maris, 2012, masu zaɓe a Suwizalan suka amince, da ƙaramin rinjaye, da ƙudurin da Franz Weber ya jagoranta, wanda ya hana gina sababbin gidajen hutu a duk ƙaramar hukumar da irin waɗannan gidaje suka haura kashi 20 cikin 100. Jihar Valais ta ƙi ƙudurin da babban rinjaye, amma dokar ta hau kanta kamar kowa. Anniviers ta zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba, don haka dokar ta shafi magina da kafintoci da masu sayar da filaye kai tsaye. A ɗaya ɓangaren kuma, tsadar gidaje tana wahalar da matasan kwarin da ma'aikatan otal wajen samun wurin zama.

Matsala ta biyu ita ce bala'o'in da ke tattare da zama a tsauni: zaftarewar dusar ƙanƙara, gangarowar duwatsu, da ambaliya. A watan Yulin 2018 kogin Navizence ya cika ya batse bayan ruwan sama mai ƙarfi da narkewar ƙanƙara, ya lalata gadoji da hanyoyi da bututun ruwan ƙazanta daga Zinal har zuwa Chippis. Gyaran ya ci maƙudan kuɗi tare da tallafin jiha da tarayya. Ɗumamar yanayi tana sa daskararriyar ƙanƙarar Zinal da ta Moiry suna ja da baya shekara bayan shekara, abin da ke da nasaba da makomar lantarki da wasan hunturu, waɗanda su ne manyan hanyoyin samun kuɗin hukumar.

Al'adu

Tsofaffin ƙauyukan sun shahara da gidajen katako da rana ta ƙona har suka yi baƙi, da rumbunan da ake kira raccards, waɗanda ake ɗorawa a kan ginshiƙai da faffaɗan dutse a saman kowane ginshiƙi don hana ɓera hawa. Grimentz ya yi suna da furanni jajaye da ake jerawa a tagogi a watannin zafi. A Saint-Luc akwai tsofaffin injinan niƙa masu aiki da ruwa da aka gyara, da tanderun gari inda iyalai ke gasa burodin hatsin rai, wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi. A da sau kaɗan ake gasa shi a shekara, ya bushe ya yi tauri har sai an sare shi da wuƙa ta musamman.

Akwai kuma giyar inabi da ake kira vin du glacier, wadda ake hawo da ita daga gonakin Sierre a ajiye a gangunan katako a ƙauye. Ba a taɓa ƙarar da ganga. Kowace shekara sai a ƙara sabuwa a kan tsohuwa. A ɗakin ajiyar 'yan garin Grimentz akwai gangar da ake kira ta bishop, wadda aka fara zuba wa giya a 1886, kuma manyan baƙi kawai ake ɗebar wa. Tsohuwar al'ada ce kuma mutum ya ajiye cuku da giya tun yana da ƙarfinsa don a ci a sha ranar jana'izarsa. A watan Agusta makiyaya sukan kawo wa fadan Vissoie cukun da aka yi da madarar farkon kiwo, a wani biki da ake kira prémices. Tsofaffi da wasu ƙungiyoyi suna ƙoƙarin raya karin harshen gargajiya na kwarin, wanda reshe ne na harshen Franko-Provensal.

A saman Saint-Luc, a wurin da ake kira Tignousa, akwai cibiyar kallon taurari ta François-Xavier Bagnoud da aka buɗe a 1995, tare da hanyar ƙafa da aka jera siffofin duniyoyin da ke kewaya rana a kanta bisa ma'aunin nisansu.

Wasanni

Tseren Sierre-Zinal, wanda Jean-Claude Pont ya ƙirƙiro a 1974, yana cikin tsofaffin tseren tsauni da suka fi shahara a duniya. Ana yin sa a watan Agusta, tsawonsa kilomita 31, da hawan da ya kai kimanin mita 2,200. Yana tashi daga Sierre, ya bi ta Chandolin da otal ɗin Weisshorn, ya ƙare a Zinal. Kilian Jornet na ƙasar Sifen ne ya fi kowa yawan lashe shi a ɓangaren maza. Haka kuma tseren keken tsauni na Grand Raid, wanda aka fara a 1990, yana tashi daga Verbier ya ƙare a Grimentz bayan kimanin kilomita 125.

Fitattun mutane

Ella Maillart, marubuciya kuma matafiyiya da aka haifa a Geneva a 1903, wadda ta yi suna da tafiye-tafiyenta a tsakiyar Asiya, ta zauna a Chandolin shekaru da dama, kuma a can ta rasu a 1997. Akwai ƙaramin gidan tarihi da aka keɓe mata a tsohon ɗakin ibada na ƙauyen.

Bernard Crettaz, masanin zamantakewa da aka haifa a Vissoie a 1938 ya kuma rasu a 2022, ya yi rubuce-rubuce kan rayuwar mutanen kwarin da al'adunsu na jana'iza. Shi ne ya fara shirya zaman tattaunawa kan mutuwa a gidajen shan shayi a 2004, abin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Simon Epiney, ɗan siyasa kuma lauya, shi ne shugaban farko na ƙaramar hukumar Anniviers.